Mitar kati a gidajen Kano: abin da ta gyara, da abin da ta bari a wuyan mai gida

Duk wanda ya tambaye mu ko ya sa mitar kati a gidansa, amsarmu ita ce ya sa, kada ma ya jira. Amma ya sa ta yana sane da cewa abu ɗaya kawai take aunawa, wato yawan wutar da ta ratsa ta cikinta. Ba ta ƙirga awannin da aka ɗauke wuta, ba ta rage maka farashi don wutar ta zo ba ƙarfi, ba ta kuma tambayar ko bashin da aka ɗora mata naka ne. Yawancin rigimar da ake yi da ita a Kano, Katsina da Jigawa, jihohin da KEDCO ke rarraba wa wuta tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, daga waɗannan wurare uku take tasowa, sai a ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

Irin wadda aka fi sakawa yanzu gida biyu ce. Ainihin mitar tana can saman falwaya ko cikin akwati a bangon waje, an ɗaure ta da hatimi. Abin da ke ɗaki, mai allo da madannan lambobi, ɗan aike ne kawai: shi ke kai lambobin kati ga mitar, ya dawo da labarin abin da ya rage. A yawancinsu saƙon ta cikin wayar wutar gidan yake bi, shi ya sa dole a jona shi a soket na bango kai tsaye. In aka jona shi a doguwar soket mai kariyar tsawa, ko bayan sitabilaiza, ko a layin inbata ko janareta, sai ya yi ta nema bai samu mitar ba, mutane su ce ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Yana kuma da gurbin batir a bayansa, yawanci irin na rediyo ƙanana. Amfanin batirin ba ya bayyana sai ranar da yunit ya ƙare tsaf mitar ta yanke gidan. A wannan lokacin soket ba wuta, batirin ne zai ta da allon har a shigar da sabon kati. A kashe manyan kayan wuta, a bar makunnin soket ɗin a kunne, a tabbata an maida gidan layin NEPA ba na inji ba, sannan a danna lambobin. Gidaje da yawa sun kwana cikin duhu da kati a hannu saboda batir na 'yan ɗaruruwan naira.

Alherinta na farko, kuma shi ne babba, ta raba mutum da bil na ƙiyasi. Wanda bai taɓa karɓar wannan takarda ba ba zai gane zafinta ba: a zura ta ta ƙasan ƙofa ƙarshen wata, adadin da ke jiki bai san ko ka yi tafiya ba, bai san taransifomar unguwa ta yi sati biyu a ƙone ba. Cinikin biri a sama ne, kuma mai sayarwa ne ke yanka farashi. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta sa iyaka ga irin wannan bil tun Fabrairun 2020, ta ce kada a caji gida marar mita fiye da abin da ta ƙayyade wa layinsa. Duk da haka, a Fabrairun 2024 hukumar ta sanar cewa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya sun ƙetare iyakar a watanni tara na farkon 2023, ta hukunta su da naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su su mayar wa mutane rarar da suka caje su. Idan hukumar da kanta ta kama su, to ƙorafin talaka ba ƙage ba ne. Har yanzu kusan rabin masu rajistar wuta a Nijeriya ba su da mita. Wannan kaɗai ya isa hujja: gidan da yake da ita, ranar da ba wuta ba ya biyan ko sisi, tunda an soke cajin dindindin na wata-wata tun 2016.

Lissafin kuɗi

Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai wat 1,000 zai sha cikin awa guda. Farashinsa ya dogara da rukunin da aka sa layin unguwarku, abin da ake kira Band. Rukunin A alkawarinsa aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ba gida ake sa wa rukuni ba, layin da ya ɗauko wuta daga tasha zuwa taransifomominku ake sa wa. Don haka mai gidan sama da mai shagon cajin waya da bazawara mai ɗaki ɗaya, muddin layinsu ɗaya, farashinsu ɗaya.

Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka cire wa rukunin A tallafi, yunit ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225. A watan Mayu aka sauke shi zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. A kan wannan akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sai yunit ya kama naira 225 da 'yan kwabbai. Ma'ana katin naira 10,000 yana ba da yunit 44. Kafin wancan Afrilu kuɗin nan yana kawo wajen 137. Mutane da dama a ranar suka fara cewa mitarsu tana gudu. Gudunta bai canza ba, abin da ake zuba mata ne ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Mu ɗauki gida mai ɗaki uku da falo, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba hita. Fankar sama uku, kowace wat 70, awa 12 a rana, yunit 76 ke nan a wata. Ƙwan fitila goma na zamani masu wat 10, awa shida, yunit 18 (da a ce tsofaffin ƙwai ne masu wat 60, da 108 za su sha). Firji matsakaici mai lafiya wajen 45. Talabijin awa biyar a rana, 12. Dutsen guga awa uku a mako, wajen 15. Injin jan ruwa mai doki ɗaya, awa guda kullum, wajen 30. Jimla ta doshi yunit 200, wato kimanin naira 45,000 a rukunin A. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, na Jihar Kano 71,000. Gidan da bai kunna komai na alatu ba zai miƙa fiye da rabin wannan albashi ga wuta. In aka ƙara na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi, awa takwas a daren bazara lokacin da kwamfuresa ba ta samun hutu, ita kaɗai za ta iya cin yunit 250 zuwa 290, ta fi duk sauran gidan.

Akwai wani ɓarawon yunit da ba a cika lura da shi ba, inbata. Batir biyu masu 200Ah, in ana shan rabinsu kullum, wajen yunit biyu da rabi suke bayarwa, amma kafin su sake cika sai sun ja fiye da uku daga mita, domin wani kaso yana tafiya a zafi. A wata abin ya kai yunit ɗari. Wanda yake da faranti masu hasken rana ya duba saitin inbatarsa, ya sa ta fifita rana wajen caji, in ba haka ba da dare za ta cika batirin da wutar naira 225.

A takarda akwai ajin masu ƙaramin ƙarfi, naira 4 kan yunit ga gidan da ba ya wuce yunit 50 a wata. Sai dai sai kamfani ya rubuta gida a wannan aji kafin ya amfana, kuma gidan haya mai ɗaki takwas a kan mita guda ba zai taɓa shiga ba, ko da kowane ɗaki ƙwai ɗaya da fanka ɗaya yake kunnawa. A ganinmu nan ne tsarin ya fi cutar da wanda ya fi buƙatar sauƙi.

Abin da mitar ba ta gani

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin awa ashirin sai ya kawo awa ashirin. Umarnin da ya zo da ƙarin farashin ya tanadi cewa idan layin rukunin A ya gaza cika alkawari kwana biyu a jere, kamfani ya wallafa dalili, idan kuma ya kai kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da ya samu a zahiri. Doka mai kyau ce. Matsalar ita ce mitar gidanka ba ta da hannu a ciki. Ana auna awannin ne a bakin layin, can tasha. Idan layin yana da wuta amma fis ɗin taransifomarku ya tsinke, ko waya ɗaya cikin uku ta faɗi, ko ana yi muku rabon wuta tsakanin layuka don taransifomar ta yi wa unguwar kaɗan, a lissafin tasha kun sha awa ashirin, a ɗakinka kuwa takwas ka gani, kuma duk yunit da ka saya a farashin A ka saye shi. Mutanen Arewa sun ga iyakar wannan alkawari a Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu.

Ƙarfin wuta ma haka. Ya kamata ta zo kusa da bolt 230. A unguwanni masu cunkoso, da magariba, takan sauka ƙasa da 190. Mitar ba ta cutar ka a nan, abin da ya wuce kawai take ƙirgawa, amma amfanin da kake samu daga kowane yunit yana raguwa. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 a bolt 190 ƙarfinta bai fi 1,400 ba, sai ta daɗe tana ɗumama ɗaki kafin ruwa ya tafasa. Injin firji kuwa ya yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, kana jin "ƙyas" duk bayan minti biyu ko uku, yana jan wuta yana zafi, ƙanƙara ba ta kamawa. Haka kwamfuresa ke mutuwa. Wasu mitocin ma kan yanke gidan da kansu idan ƙarfin ya yi ƙasa ko sama da iyakarsu, su dawo in ya daidaita. Wannan kariya ce, ba lalacewa ba.

Rasit da tsohon bashi

Mafi yawan masu sayen kati lambobi ashirin ɗin kawai suke dubawa. A karanta rasit ɗin gaba ɗaya. Akwai kuɗin da aka biya, harajin da aka cire, farashin yunit, yawan yunit, da layin bashi. In ka sayi na 10,000 a rukunin A ka ga yunit 31 maimakon 44, to an zare wajen naira 3,000 kafin a saya maka wuta. Sau da yawa wannan tsohon bil ne na ƙiyasi da aka kwaso aka ɗora wa sabuwar mita, ana cirewa duk sayen da ka yi. Wani lokaci kuma, a sayen farko kawai, kuɗin yunit ɗin da mitar ta zo da su ne ake karɓa, wannan ba komai. Masu POS da manhajojin waya su ma suna ɗora ɗan cajinsu, wanda ke sayen na ɗari biyar-biyar ya fi kowa jin sa.

Bashin shi ne abin tsayawa a kai. Kana da haƙƙin neman cikakken bayaninsa wata bayan wata. Duk watan da bil ɗin ya wuce iyakar da NERC ta sa wa layinku, rarar ba halas ba ce, a nemi a goge ta. Sannan bashin wanda ya tashi daga gida ba ya hawa kan wanda ya shigo. Ƙa'idar hukumar a fili take a kan haka, amma kwamfutar sayar da kati lambar mita ta sani, ba sunan mai haya ba, za ta ci gaba da cira har sai an je an raba. Don haka kafin a biya kuɗin haya, a karɓi lambar mitar gidan a sayi katin dubu ɗaya a ga abin da zai fito. Ranar tarewa a ɗauki hoton allon, a ajiye takardar yarjejeniyar haya mai kwanan wata, a rubuta wa ofishin kamfanin cewa an samu sabon mazauni. Wannan ɗan aiki ya fi watanni shida na sintiri.

"Mitata tana gudu"

Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa laifin yana cikin wayoyin gida. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. A fuskar mitar akwai jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta adadi kamar 1000 imp/kWh, wasu 1600 ko 3200. Ma'anarsa sau nawa za ta ƙyafta kafin yunit ɗaya ya ƙare. Wasu na'urorin ɗaki ma suna da irin fitilar, ko su nuna wat ɗin da gidan ke ja a lokacin.

Da farko a kashe babban makunnin gidan, a zuba ido minti goma. Bai kamata ta ƙyafta ko sau ɗaya ba. In ta ci gaba, to akwai wanda ke shan wuta tsakanin mita da akwatin fis ɗinka: shagon da ke jikin katanga, ɗakin maigadi, ko wata tsohuwar waya da aka ja wa maƙwabci shekarun baya aka manta. Akwai kuma matsalar nutural, wato wayar da wutar ke bi ta koma. Mitocin nan da yawa suna auna waya mai wuta da ta nutural duka biyu, su yi lissafi da wadda ta fi. Idan gida biyu sun haɗa nutural ɗaya, wutar maƙwabci tana iya komawa ta cikin mitarka, kai ka biya. Haka makunnin sauya layi tsakanin NEPA da janareta, in mai wayarin ya yanke waya mai wuta kawai ya bar nutural a haɗe, yakan rikita mitar har ta shiga halin kulle. A sa makunni mai yanke wayoyin duka.

In ta tsaya cak da aka kashe babban makunni, a kunna shi, a zare komai daga soket, a kashe fitilu. Ƙyaftawa a nan tana nufin wuta na zurarewa ƙasa. A bi ƙananan makunnan ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda in an kashe shi take tsayawa. Da damina an fi samun sa a wayar da aka binne zuwa rijiyar burtsatse ko fitilar ƙofar gida, inda aka yi haɗi da salatif a cikin ƙasa mai laima. Irin wannan ba kuɗi kawai yake ci ba, yana iya kashe yaro da ya taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu.

Sai gwajin mitar kanta. A kunna abu ɗaya da aka san ƙarfinsa, kamar butar wat 2,000, komai na kashe. A mita mai 1000, za ta ƙyafta wajen sau 33 a minti in wuta na da ƙarfi, ƙasa da haka in ta yi rauni. Kada a yi da dutsen guga, domin yana kashe kansa yana kunnawa. In aka ga ta ninka, a kai ƙorafi a rubuce a nemi a gwada ta. Hukumar NEMSA ce ke tantance mitoci, tana da tashar gwaji a Kaduna. Mitar da ta lalace ba da laifin mai gida ba, gyara ko sauya ta ba a wuyansa yake ba, kuma kafin a sauya ana cajinsa ne bisa matsakaicin abin da ya saba saya a watanni ukun baya, ba ƙiyasin da aka ga dama ba.

Abu ɗaya da ba mu ba kowa shawara a kai shi ne a kira yaron unguwa ya buɗe ta. Da an ɗaga murfin take kulle kanta, ba ta sakin wuta sai da lambobin buɗewa daga kamfani, kuma tana ajiye tarihin ranar. Tarar zagaye mita da aka sabunta a farkon 2025 ta kai naira 100,000 ga mita mai layi ɗaya (wadda waya mai wuta ɗaya ke shiga cikinta) a karon farko, 200,000 ga mai layi uku, ban da kuɗin wutar da za a ce an sha. Kuma duk yunit da aka sace a unguwa, kan marasa mita da taransifomar unguwar yake komawa.

Matsalar shigar da kati ba ta da yawa. Kowane kati na mita ɗaya ne, in aka yi kuskuren lamba wajen saye ba zai shiga wata ba, don haka a jira sunan mai mitar ya fito kafin a biya. In allo ya nuna USED an riga an shigar da shi, a duba yunit ya ƙaru. In an yi ta danna lambobi ba daidai ba takan yi shiru na ɗan lokaci, a ƙyale ta. Mitar da ta daɗe a rufe, irin ta gidan da ba kowa, tana iya ƙin sabon kati saboda sauyin tsarin da wa'adinsa ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Maganinta lambobin sauya makulli guda biyu, ashirin-ashirin, a shigar da na farko, sai na biyu, sannan katin. Kyauta ake ba da su.

Yadda ake samunta

A nan sabis ɗin ya fi rauni. Hanya biyu ce. Akwai mitocin da ake rabawa kyauta ƙarƙashin shirye-shiryen gwamnati da asusun sayen mita, wanda kasonsa na farko, naira biliyan 21 a 2024, rukunin A aka fara da shi. Waɗannan ba a biyan komai, har kuɗin hawa falwaya. Sai dai ba kai ke zaɓar ranar da za su iso layinku ba. Hanya ta biyu ita ce tsarin MAP, ka biya da kanka. A Satumban 2023 farashin hukuma ya kasance naira 81,975 ga mai layi ɗaya, 143,836 ga mai layi uku. Daga Mayun 2024 aka sakar wa kasuwa, mai layi ɗaya ta haura dubu ɗari, mai uku ta haura dubu ɗari biyu.

Ana cike takarda da lambar asusun da ke kan bil, a zo a duba gidan a tabbatar da irin mitar da ta dace da shi, sannan a ba ka inda za ka biya. Kada a miƙa kuɗi hannu da hannu, kada a tura asusun wani mutum. Ƙa'ida ta ce a saka ta cikin kwanakin aiki goma bayan biya. Kuɗin kuma bashi ne ka ba kamfani, tunda mitar ba taka ba ce, ana mayar maka da shi kaɗan-kaɗan ta hanyar yunit. A duba rasit a ga ko yana shigowa, a kuma adana shaidar biyan. Gida mai fanka, firji da injin ruwa ba ya buƙatar mai layi uku, mai layi ɗaya ta amfiya 60 tana ɗaukar fiye da wat 13,000. Masu sayen mai uku don su riƙa sauya layi in ɗaya ya faɗi suna biyan ninki ne saboda laifin taransifoma.

Girki: wuta ko gas

Da mita a gida wannan lissafi ya zama dole. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa yunit 13, amma wajen rabinsa ne ke shiga tukunya, sauran ya bi iska. Kafin murhun lantarki mai faranti ya yi aikin kilo ɗaya sai ya sha yunit tara zuwa goma. A rukunin A wannan ya haura naira 2,000, alhali kilon gas a mafi yawan 2024 da 2025 tsakanin dubu da dubu ɗaya da ɗari biyar ya yi ta yawo. Gas ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A ƙananan rukunai da har yanzu ke da tallafi lissafin yana juyawa, wuta ta fi araha, in an same ta lokacin ɗora sanwa.

Gas ɗin ma sai an sa ido. A wuyan kowace tukunyar gas an buga nauyinta ba komai a ciki, da haruffan TW. Tukunyar kilo 12.5 in ta cika, sikeli ya nuna adadin TW ɗin da ƙarin 12.5. A sa a ɗora ta a sikeli kafin a zuba da bayan an zuba, kana tsaye, domin lambar da famfo ke nunawa ba ita ce shaida ba, kuma in akwai saura a ciki naka ne, ba a haɗa shi a cikin abin da ka saya. Kada a yarda a cika ta fiye da ƙima don neman gyara, gas yana buƙatar sarari ya numfasa, musamman a zafin Afrilu. In tukunya na ƙarewa da wuri, a shafa ruwan sabulu a bakin kanta da mahaɗar tiyo, kumfa zai nuna inda take yoyo.

Komawa kan wuta, duk ƙorafin da ba a rubuce ba kamar ba a yi shi ba ne. A rubuta takarda kwafi biyu, da lambar mita, lambar asusu, adireshi da abin da ake nema a jimla ɗaya, a kai sashen ƙorafi na kamfanin, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Suna da kwanakin aiki 15. In ba a warware ba, a ɗauki kwafin zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC, akwai shi a Kano, ba a biyan kuɗi, ba a buƙatar lauya, in hukuncinsa bai gamsar ba a ɗaukaka zuwa hukumar a Abuja. Wanda yake jihar da ta kafa hukumarta bisa dokar wutar lantarki ta 2023, kamar Neja, Filato da Kogi, can zai kai.

In batun awanni ne, takardar mutum ɗaya ba ta da nauyin ta unguwa. A samu littafi a ajiye wurin mai shagon da ba ya barin bakin layi, ya riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo, kullum, har wata guda. A haɗa da sunan taransifomar, da lambobin mita na gidaje goma ko ashirin da ke kanta, da rasit ɗin da ke nuna farashin da ake cajinsu, mai unguwa ya sa hannu. A cikin takardar a nemi abu biyu a fili: ko a gyara taransifomar da kuɗin kamfani, tunda sayen taransifoma, falwaya da waya ba aikin jama'a ba ne, ko a sauke farashin zuwa rukunin awannin da littafin ya nuna.